Yadda Ake Neman Takardar Mallakar Ƙirƙira a Kan Dabarar Kashe Harshen Wuta a Makunnin DC

Tun da sola ta cika gidaje da shaguna a Zariya, tambaya iri ɗaya ke ta zuwa daga ɗaliban injiniya na Samaru da masu haɗa sola na Sabon Gari: "Malam, na yi wa bireka wata dabara, yanzu tana yanke wutar DC, wato wutar fanel da batir, ba ta ƙonewa. Ta ina zan bi in yi rajista kafin wani ya kwashe?" Ga amsar a jere, daga ranar da dabarar ta zo maka har bayan takarda ta shigo hannunka.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu fara. Dokar da ke aiki a Najeriya ita ce dokar ƙirƙira da zane ta 1970, kuma sashe na 4 nata ya ce magatakardan ofishin rajista cikar takardu kawai zai duba. Ba zai bincika ko abin naka sabo ne ba. Ana ba da takardar ne a kan kasadar mai ita, gwamnati ba ta lamunce ingancinta. Za ka iya samun satifiket mai hatimi a kan abin da wani Bajamushe ya yi tun kafin a haife ka, ka rataye a falo, ranar da ka kai mai kwaikwayo ƙara lauyansa ya zaro tsohuwar takarda, Babbar Kotun Tarayya ta soke taka. Don haka tabbatar da sabunta aikinka ne, kuma mafi yawan matakan nan a Zariya za ka yi su, tun ba ka kama hanyar Abuja ba.

Mataki na 1: Kama bakinka

A wurin doka, ƙirƙira sabuwa ce idan ba a taɓa bayyana ta ga jama'a ba, a ko'ina a duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da ita, kafin ranar da ka shigar da takarda. Doka ba ta ware ka ba. Idan kai da kanka ka ɗora bidiyon cikin birekar a Facebook ko TikTok, ko ka tura hoto zauren WhatsApp na masu sola, ka kashe sabuntar abinka da hannunka. Haka in ka sayar wa mai shago guda biyar wai ya gwada.

Ɗalibai sun fi faɗawa ta ƙofar kundin digiri. Da zarar an ajiye kundin a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko an ɗora shi a rumbun jami'a na intanet, ya zama na duniya. Maƙala a mujalla ko a taron ƙara wa juna sani ma haka. Rajista tukuna, sannan bugawa. In lokacin kare kundi ya matso, ka sami malamin da ke duba aikinka da wuri: "Ranka ya daɗe, akwai babin da nake roƙon a jinkirta fitar da shi sai mun shigar da takarda."

Gargaɗi: doka ta yi rangwamen wata 6 ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa wanda hukuma ta shirya ko ta amince da shi. Baje kolin sashe da makon ɗaliban injiniya ba sa ciki. Amurka na da rangwamen shekara 1 ga mai ƙirƙira, shi ya sa za ka ji masu bidiyon can suna cewa ka nuna tukuna. Wannan shawarar tasu ce, ba ta aiki a nan.

Wanda ya zama dole ya ga wani sashe, kamar mai yanka maka farantan ƙarfe, ka ba shi zanen abin da zai yanka kaɗai, ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Ka kuma sayi littafi mai ɗinki, ka riƙa rubuta kowane zane da gwaji da kwanan wata. Littafin ba zai ba ka nasara a kan wanda ya ƙirƙiri irin naka da kansa ya riga ka shigarwa ba, domin a nan wanda ya fara shigarwa shi ke da abu. Amfaninsa na ranar da wani ya ɗauki naka ba da yardarka ba.

Mataki na 2: Tantance mai abin tun da wuri

Sashe na 2 ya ce abin da aka ƙirƙira a bakin aiki, ko cikin kwangilar da aka ba mutum, haƙƙinsa na wanda ya ɗauki aikin ne. Ma'aikacin yana da damar neman lada mai dacewa a wasu halaye, misali in ƙirƙirar ta yi matuƙar muhimmanci. Malamin jami'a ko na kwalejin Nuhu Bamalli da ya yi aikin a ɗakin gwaji na makaranta, ko da kuɗin bincike na TETFund, ya fara karanta ƙa'idar makarantarsa da takardar tallafin. Yaron shago da ya yi abin da kayan ogansa, su zauna su rubuta wa ke da kashi nawa tun ba a ga kuɗi ba.

Sai batun sunaye. Doka ta ce wanda ya taimaka da aikin hannu kawai, bai kawo wata dabara ba, ba mai ƙirƙira ba ne. Mu kuma mun saba jera sunan shugaban sashe da babban yaya don girmamawa. A kan maƙala wannan kunya ce kawai, a kan takardar mallaka kuwa rigima ce kake shukawa, domin duk wanda ka sa a matsayin mai abu sai an nemi sa hannunsa ranar ciniki. A yi godiya da baki, a bar takarda ga waɗanda suka yi tunanin.

Mataki na 3: Rubuta matsalar da ka warware cikin layi uku

Wutar NEPA tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, tana ratsa sifili sau 100, kuma harshen wutar da ya tashi tsakanin bakunan makunni, wato ƙarafan da ke haɗuwa su rabu in an kunna ko an kashe, yakan mutu a ɗaya daga cikin waɗannan. DC ba ta da wannan hutun. Harshen zai yi ta ci har sai bolt ɗin da yake buƙata don ya rayu ya fi wanda fanel ko batir ke bayarwa. Duk dabarun kashe shi hanyoyin ɗaga wannan buƙatar ne ko kauce mata: a tsawaita harshen, a daddatsa shi tsakanin farantan ƙarfe, a sanyaya shi da iskar da bangon roba ke fitarwa in ya ji zafi, a tura shi da maganaɗisu, a jera ƙafafun bireka biyu ko huɗu a layi ɗaya, a rufe bakunan cikin iskar haidirojin ko naitirojin, ko a karkatar da wutar ta cikin taransista irin IGBT na ɗan lokaci har bakunan su rabu.

Duk waɗannan tsofaffi ne. Tura harshen wuta da maganaɗisu tun ƙarni na 19 ake yi. Jeren farantan ƙarfe kuwa Joseph Slepian ya kawo shi a kamfanin Westinghouse tun shekarun 1920. In layinka uku sun tsaya a "na sa maganaɗisu a bireka", ka ajiye kuɗinka.

Inda ake samun sarari shi ne a raunin waɗannan tsofaffin dabaru. Babba shi ne alkibla. Maganaɗisu na dindindin gefe ɗaya yake tura harshen idan wuta na tafiya ta hanyar da aka tsara, shi ya sa ake rubuta alamar + da − a jikin irin wannan birekar. In mai haɗi ya juya waya, ko aka sa ta tsakanin batir da infata inda wuta ke zuwa tana komawa, sai a tura harshen baya. Ka buɗe birekar da ta ƙone a haka ka gani: farantan ƙarfen fes kamar yau aka sa su, amma wajen sifirin da maɗaurin baƙi ƙirin, roba ta narke ta zubo. Rauni na biyu shi ne ƙaramar wuta a babban bolt. Birekar da ba ta da maganaɗisu ta dogara ne da ƙarfin wutar kanta wajen jan harshen cikin farantai, to in amfa kaɗan ce ƙarfin ba ya isa, sai harshen ya tsaya cak a kan bakunan yana cinsu. Abin da ya yanke amfa 60 lafiya yana iya ƙonewa a amfa 3. Na uku zafi: maganaɗisun niyodimiyom na gama-gari yakan fara rasa ƙarfi in ya haura digiri 80, kuma akwatin sola da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya riga ya ci rabin tafiyar tun ba a kunna komai ba.

To ka rubuta: wane rauni, ta wane tsarin sassa ka magance shi, mene ne sakamakon. In ba za su rubutu ba, ba ka gama ƙirƙirar ba tukuna.

Mataki na 4: Nemi wanda ya riga ka

Nan ne aikin yake, kuma kuɗin data kawai zai ci. Ga rumbuna uku na kyauta: Espacenet na ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, Patentscope na WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya, da Google Patents. Kada ka dogara da kalmomi kaɗai, domin abu ɗaya kowane kamfani da sunan da yake kiransa, ga kuma takardun Sin da Japan da injin fassara ya juya. Yi amfani da lambobin rukuni, waɗanda ba ruwansu da harshe:

H01H 9/30 shi ne babban gidan dabarun hana harshen wuta ko kashe shi. H01H 9/34 da 9/36 na shinge da farantan da ke daddatsa shi. H01H 9/44 na maganaɗisu, kuma 9/443 na maganaɗisun dindindin, nan mafi yawan masu tambayata za su sami kansu. H01H 9/54 na da'irorin taimako, har da masu taransista a gefen bakuna. H01H 33/596 na yanke DC. H01H 73/18 na ƙananan bireka irin na gida.

Sa lambar, ka ƙara kalma ɗaya ko biyu ta Turanci don rage yawa. In takarda ta buɗe, kada ka fara da karatu. Je ka zanuka tukuna, a cikin minti ɗaya za ka san ko ta shafe ka. In ta yi kama, karanta da'awa ta farko, wato jimlar da ke iyakance abin da mai takardar ya mallaka, sannan ka bi jerin takardun da ta ambata da waɗanda suka ambace ta. Ta nan ake kamo na kusa.

Zana jadawali a littafinka. A gefen hagu ka jera sassan abinka ɗaya bayan ɗaya: inda maganaɗisu yake, inda fuskarsa ta kalla, siffar ƙarfen da ke jan harshe, yawan ɗakunan farantai. A sama ka jera takardu goma mafi kusa. Yi alama duk inda sashe ya bayyana. In takarda guda ta cika dukkan layukanka, abin ba sabo ba ne, ka koma Mataki na 3. In akwai layin da ya rage babu alama ko ɗaya, wannan layin shi ne dukiyarka.

Gargaɗi: takardar da wa'adinta ya ƙare, ko wadda ba a taɓa yi wa rajista a Najeriya ba, ko ƙaramar rajistar Sin mai shekara 10, duk suna kashe sabunta daidai da sabuwar takarda. Katalog na ABB, Schneider, Eaton, Siemens ko CHINT ma haka. Kuma ka sani tsarin maganaɗisu biyu da ɗakunan farantai biyu don yanke wuta ta kowace alkibla, wanda shi ne ke fara zuwa wa kowa a rai, an yi masa rajista iri-iri. Samunsa a bincike ba dalilin karaya ba ne, dalilin duba ainihin inda naka ya bambanta ne.

Ka kuma shiga kasuwa ka sayi birekar DC iri uku ko huɗu, ka huda ƙusoshin da suka haɗa jikinsu, ka buɗe ka ɗauki hoto. Abin da ake sayarwa a shago shi ma bayyananne ne ko ba a taɓa rubuta shi ba. Ka tuna kuma a yawancin ƙasashe sai bayan wata 18 ake buga takardar da aka shigar, saboda haka akwai na baya-bayan nan da ba za ka gani ba. Wannan dalili ne na gaggawa da zarar ka gama.

Mataki na 5: Gwada, ka auna, ka rubuta

Doka ba ta ce ka kawo samfuri ba. Amma lambobin gwaji su ne za su nuna cewa bambancin naka yana haifar da sakamako, su ne kuma kamfani zai fara tambaya.

Kayan aiki: osiloskof, wato na'urar da ke zana yadda bolt ke canjawa a allo, abin auna amfa na DC mai maƙalewa a waya, sandar auna babban bolt mai kai biyu, fis na DC da bireka mai inganci a gaban wadda ake gwadawa, akwatin ƙarfe, garkuwar fuska, safar hannu ta masu lantarki, da abin kashe gobara. Osiloskof da sandunansa sun fi komai tsada, ka nemi izinin amfani da na ɗakin gwaji maimakon saya, bayan ka warware maganar Mataki na 2.

Ga babban bolt da ƙaramar amfa, layin fanel shi ne tushe mafi sauƙi. Fanel 10 masu kusan bolt 45 kowanne za su ba ka wajen bolt 450, kuma fanel ba ya ba da amfa fiye da iyakarsa. Yi gwajin da tsakar rana, ka auna bolt da amfa kafin kowane yankewa, domin ƙurar hunturu tana rage amfa, sanyin safiya kuma yana ɗaga bolt. Ga babbar amfa sai bankin batir.

Gargaɗi: bolt 450 na DC yana kisa. Batir mai bolt 48 ba ya yawan jan mutum, amma yana iya zubo amfa ɗaruruwa ya narkar da sifana a hannunka. Kada ka taɓa jan makunnin da hannu. Sa shi cikin akwatin, ka ja da igiya daga nesa, kuma kada ka yi gwaji kai kaɗai. Kada ka maƙala ƙafar ƙasa ta osiloskof na gama-gari a layin fanel, ta haɗe da jikin injin da wayar ƙasa ta soket, nan take za ka ƙone shi.

Yadda za ka jera gwajin: fara daga amfa 1, 2, 3, 5, ka hau a hankali har iyakar abinka. A kowane mataki ka yanke sau da yawa, sannan ka juya wayoyi ka maimaita ta ɗaya alkiblar. Abin da kake nema shi ne tsawon lokacin da harshen ya rayu, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da mafi girman bolt ɗin da ya kai. Yi daidai wannan gwajin da birekar kasuwa, rana ɗaya, tushe ɗaya. Sannan ka cire sashen da kake cewa naka ne daga samfurinka ka sake. In sakamako bai canja ba, ba shi ke aikin ba, gara ka sani yau.

Nauyin da ka ɗora, wato kayan da ke jan wutar, shi ma yana da magana. Mai naɗin waya yana ajiye ƙarfi, yana ƙara wa harshen rai. Ƙa'idar IEC 60947-3 ta makunnai ta raba aji: DC-21 na nauyi marar naɗi sosai, DC-22 na gauraye, DC-23 na mai naɗi da yawa, sai ajin DC-PV na sola. Bireka kuma IEC 60947-2 ce tata. Rubuta wane aji gwajinka ya yi kusa da shi.

Wata ƙaramar dabara: maye gurbin murfin gefe da roba mai haske mai kauri, ka kafa waya a yanayin bidiyo mai jan lokaci. A hoto 240 cikin daƙiƙa, kowane hoto kusan kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa ne. Bai isa awo ba, amma za ka ga inda harshen ya nufa. Bidiyon ya tsaya a wayarka.

Mataki na 6: Auna shi da sharuɗɗa uku

Sashe na 1 yana neman sabunta, da ƙoƙarin ƙirƙira, da yiwuwar amfani a masana'anta. Na uku ba ya ba makunni wahala. Na farko jadawalinka ya amsa. Na tsakiya ne mai wuya: shin injiniyan da ya san fannin, in aka ajiye masa takardun nan goma, zai haɗo naka ba tare da wani tunani ba? Ƙara farantai daga 9 zuwa 12, sa maganaɗisu mai ƙarfi, ko musanya roba da wata da aka sani, duk abin da kowa zai canko ne. Amma in ka nuna cewa wani tsari ya magance raunin ƙaramar amfa ta alkibla biyu ba tare da ƙara girman jiki ba, kana da hujja. Doka ta yarda da gyara a kan ƙirƙirar wani, in gyaran ya cika sharuɗɗan nan uku. Ƙa'idar kimiyya zalla kuwa ba a mallakarta.

Kada a ruɗe ka da rajistar zane. Ita siffa da launi take karewa, na shekara 5 da ake sabuntawa sau biyu, kuma ba ta kare siffar da aka yi don sakamakon fasaha kawai. Murfin birekarka zai iya shiga can, cikinta ba zai shiga ba.

Mataki na 7: Bayani, zane da da'awa

Da Turanci ake rubuta takardun. Bayani dole ya isa wanda ya san fannin ya ƙera abin ba tare da ya kira ka ba. Masu ɓoye "sirrin" suna cutar kansu, domin rashin cikar bayani dalili ne na soke takarda. Tsarinsa: fannin, abin da ake da shi da rauninsa, maganinka, bayanin zanuka, cikakken misali, sakamakon gwaji. Zuba duk wasu siffofin da abin zai iya ɗauka, maganaɗisun farait a madadin niyodimiyom, ƙafa ɗaya ko biyu, domin da'awa ba ta wuce abin da bayani ya ƙunsa, kuma abin da ka ƙara daga baya ba ya cin ranar farko.

Zane ya zama layi baƙi a farar takarda, ba hoton waya ba. Kowane sashe da lambarsa, lambar ba ta canjawa daga zane zuwa zane. Ka nuna makunni a rufe, a buɗe, da hanyar harshen ta alkibla biyu, da kibiyar da ke nuna fuskar maganaɗisu.

Da'awa ita ce iyakar gonarka, abin da ke waje da ita na kowa ne. Ta farko jimla ɗaya ce mai wannan siffa, misali kawai: makunnin yanke DC mai baki kafaffe, da baki mai motsi, da jeren farantai, da maganaɗisu, wanda ya keɓanta da kaza da aka sanya a wuri kaza ta yadda harshen ke shiga farantai ko ta ina wuta ta fito. Abin da ya biyo bayan "ya keɓanta da" shi ne layin nan na jadawali da babu alama.

Gargaɗi: kada ka sa adadi a da'awa ta farko in ba shi ne ƙirƙirar ba. Ka rubuta farantai 7, mai kwaikwayo ya sa 8 ya wuce. Adadi da nau'in ƙarfe su sauka da'awa ta biyu, ta uku, zuwa ƙasa, su zama madogara in kotu ta rushe ta farko. Kada kuma ka yi da'awar sakamako tsirara, wai makunnin da ba ya ƙonewa. Tsari ake mallaka. Takarda ɗaya, ƙirƙira ɗaya: in kana da dabarar maganaɗisu da kuma da'irar taransista da ba su dogara da juna ba, takardu biyu ne.

In za ka kashe kuɗi a wuri ɗaya, a nan ne. Nemi lauya ko wakili da ya taɓa rubuta da'awar kayan lantarki, ka ce ya nuna maka wadda ya rubuta. Da yawa sun ƙware a rajistar tambarin kasuwanci, wannan kuwa wata sana'a ce daban.

Mataki na 8: Shigar da takardu

Ofishin rajistar tambari, ƙirƙira da zane yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Abin da sashe na 3 ya nema: cikakken suna da adireshi, bayani da zanuka, da'awa, shaidar biyan kuɗi, takardar ainihin mai ƙirƙira in yana son a ambaci sunansa, da takardar wakilci in wakili ne zai shigar.

Hanya biyu ce. Ta farko NOTAP, hukumar da aka kafa a 1979, wadda ke taimaka wa masu bincike da masu ƙirƙira na gida wajen tsara takardu da shigar da su, ta kuma buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama. Ga marar ƙarfi ita ce ta fi sauƙin aljihu, sai dai a yi haƙurin layi. Ta biyu wakilin da ofishin ya amince da shi, ya fi sauri, ya fi tsada.

Kuɗin hukuma yana canjawa, ka nemi jadawalin ranar. A lissafinka shi ne ƙarami, ladan mai rubuta da'awa ya fi shi, samfuri da gwaji sukan fi duka. Ka sa wakili ya raba maka kuɗin hukuma da ladansa a rubuce, ya kuma ba ka rasit na asusun gwamnati. Takardar da ta fi muhimmanci ita ce shaidar karɓa mai lamba da kwanan wata. Daga ranar nan ake ƙirga komai, kuma daga ita kana iya kare kundi ko nuna wa kamfani abin da ka rubuta a ciki. Sabon gyaran da ka yi bayan nan, ka koma Mataki na 1 da shi.

Mataki na 9: Wata 12 na ƙasashen waje

Takardar Najeriya a Najeriya take aiki. Tana ba ka ikon hana ƙerawa, shigowa da kaya, sayarwa da amfani a cikin ƙasa. Ba ta hana masana'anta a Sin ta ƙera ta sayar a Kenya. Ga mai ƙaramin ƙarfi, ikon hana shigowa da kaya shi ne mai daraja, tunda kusan duk birekar da ke kasuwarmu daga waje take.

In kana hangen waje, yarjejeniyar Faris ta ba ka wata 12 daga ranar shigarwa ka kai takarda wata ƙasa da ranarka ta farko. Najeriya ta shiga tsarin PCT a 2005, wanda ke ba ka damar shigar da takarda ɗaya ta hannun WIPO a Janeba, ka jinkirta zaɓen ƙasashe har wata 30 daga ranar farko a yawancinsu. Kuɗin shigarwa faran 1,330 ne na Suwizalan, kuma ɗan Najeriya mazaunin gida da ya shigar da sunansa, ba da sunan kamfani ba, ana rage masa kashi 90 cikin 100. Kuɗin bincike daban ne, ya danganta da ofishin da zai yi. A ganina ko don rahoton binciken nan kaɗai tsarin ya cancanci kuɗinsa, domin shi ne karo na farko da ƙwararre zai duba sabuntar abinka da gaske. Maƙwabta kuma: Nijar, Chadi, Kamaru da Benin suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar fasaha ta haɗin gwiwa mai hedikwata a Yawunde, takarda ɗaya ta game ƙasashe 17. Najeriya ba ta cikinta.

Gargaɗi: sa ranar cikar wata 12 a kalanda, ka fara shiri tun wata na tara.

Mataki na 10: Bayan takarda ta fito

Wa'adinta shekara 20 ne daga ranar shigarwa, da sharaɗin biyan kuɗin shekara-shekara. In ka makara akwai rangwamen wata 6 tare da tara, bayan nan ta faɗi. Kada kuma ka kulle ta a durowa: bayan shekara 4 da shigarwa ko 3 da bayarwa, duk wanda ya fi nisa, wani na iya neman kotu ta ba shi lasisin dole idan ba a aiki da ƙirƙirar a ƙasa.

Takardar mallaka ba shaidar inganci ba ce. Kafin ka sa birekar a kasuwa sai ta bi gwajin ƙa'ida da tantancewar SON ta kayan da aka ƙera a gida, wato MANCAP. In kuma naka gyara ne a kan ƙirƙirar wani da takardarsa ke raye a Najeriya, sai ka nemi izininsa kafin ka ƙera. Duk yarjejeniyar lasisi ko sayar da haƙƙi a yi ta a rubuce, a kai ofishin rajista a shigar da ita, in ba haka ba ba ta da ƙarfi a kan wanda ba ya cikinta.